Alkawarin na wa ne? Muhawara a kan yadda marubutan Kirista na farko suka karanta littattafan Yahudawa

Ladi:
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana. Tambaya ce ta taso a ajin matasa da nake koyarwa, ina kuma so in ji ta bakin waɗanda suka fi ni karatu. Muna nazarin Ibraniyawa sura 8, inda marubucin ya kawo dogon nassin nan na Irmiya 31:31-34 game da sabon alkawari, sa'an nan ya rufe surar da cewa abin da ya tsufa ya kusa shuɗewa. Sai wani yaro ya ce, in haka ne, me ya hana masu bi na farko su ajiye littattafan Yahudawa gefe guda, su riƙe Bishara da wasiƙun manzanni kaɗai? Abin da nake nema shi ne in san abin da su marubutan farkon suka yi da waɗannan littattafai, ba abin da muke zato sun yi ba.

Dauda:
Sannu da aiki, Yaya Ladi. A ganina yaron bai yi nisa da gaskiya ba. Manzo Bulus ne da kansa ya fara kiran abin da ake karantawa a majami'u tsohon alkawari, a 2 Korintiyawa 3:14. A Galatiyawa 3 ya ce Shari'a ta zo ne shekara 430 bayan alkawarin da aka yi wa Ibrahim, kuma aikinta na mai reno ne har zuwan Almasihu. A sura ta 4 ya ɗauki Hajara da Saratu a matsayin alkawari biyu, ya kuma maimaita umarnin nan na a kori baiwar da ɗanta. Saboda haka fahimtata ita ce sun riƙe littattafan ne domin kafa hujja idan suna jayayya da Yahudawa, amma rayuwarsu ta bangaskiya ba a kansu take ba.

Malam Bitrus:
Dauda, kafin mu je ga hukunci, akwai abin da muke yawan mantawa saboda mun saba ganin Littafi Mai Tsarki a ɗaure wuri guda. Masu bi na ƙarni na farko ba su da littafin da ake kira Sabon Alkawari. Wasiƙun Bulus an rubuta su ne daga wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, Bisharu kuma sun biyo baya, an daɗe kuwa kafin a tattara su a matsayin littafi ɗaya. Sa'ad da Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 15 Almasihu ya mutu ya kuma tashi bisa ga Nassosi, Attaura da Annabawa da Zabura yake nufi, domin babu wasu Nassosi a hannunsa. Yawancin masu bin da ke biranen daular Roma sun karanta su ne da Helenanci, a fassarar da Yahudawan Iskandariya suka fara tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, wadda ake kira Saftuwajinta.

Ka kuma duba ayoyin da ka kawo. Da me Bulus ya kafa hujjarsa a Galatiyawa? Da Farawa 15:6, inda Ibrahim ya gaskata aka lasafta masa adalci, da Farawa 16 da 21, da Maimaitawar Shari'a, da Habakuk 2:4. Wato ko a inda yake cewa al'ummai ba sa bukatar kaciya, daga cikin Attaura yake ciro dalilinsa. Haka ma kalmomin da muke ji duk ranar Jibin Ubangiji. A Markus 14:24 Yesu ya kira ƙoƙon jinin alkawari, wannan kuwa maganar Musa ce a Fitowa 24:8, lokacin da ya yayyafa wa jama'a jinin hadaya a gindin dutsen Sina'i. A Luka 22:20 da 1 Korintiyawa 11:25 an ce sabon alkawari, wanda shi kuma daga Irmiya yake. Duk wanda bai san waɗannan nassosi biyu ba, ba zai gane abin da almajiran suka ji a daren nan ba.

Batun cewa don jayayya kawai suka riƙe su, tarihi bai goyi bayansa ba. Wajen shekara ta 96 ikilisiyar Roma ta aika wa ta Koranti wasiƙar da aka sani da sunan Kilemas ta Farko, domin a sasanta rikicin shugabanci, ba Bayahude ko ɗaya a cikin rigimar. Duk da haka wasiƙar cike take da Kayinu da Habila, da Yusufu da 'yan'uwansa, da tawayen Datan da Abiram, da Rahab da jan ƙyallen da ta rataya a tagarta. Yustin Shahidi kuma, da yake bayyana wa sarkin Roma yadda ake sujada ranar Lahadi a tsakiyar ƙarni na 2, ya ce ana karanta rubuce-rubucen manzanni ko na annabawa gwargwadon yadda lokaci ya bari, sa'an nan shugaban taro ya yi gargaɗi a kansu. Littattafan sujadarsu ne, da su kuma suke yi wa junansu faɗa.

Baba Rabaran Ishaya:
Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Ladi, ki gaya wa yaron nan cewa an taɓa gwada abin da ya faɗa, kuma wanda ya gwada ba ƙaramin mutum ba ne. Sunansa Markiyon, mutumin Sinofe a bakin Baƙin Teku, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, mai jiragen ruwa ne kuma mai dukiya. Ya zo Roma wajen shekara ta 140, ya ba ikilisiya kyautar kuɗi mai yawa, a shekara ta 144 kuma aka fitar da shi daga zumunci, aka mayar masa da kuɗinsa. Koyarwarsa ita ce Allahn da ya yi duniya ya kuma ba Musa Shari'a daban yake da Uban Yesu. Ya jera nassosi gaba da gaba domin ya nuna saɓaninsu, ido a bakin ido a nan, juya ɗaya kuncin a can, beyar da suka yayyage yara a zamanin Elisha a nan, Yesu yana cewa a bar yara su zo gare shi a can. Littafinsa mai tsarki shi ne Bisharar Luka da wasiƙun Bulus guda 10.

Abin lura shi ne bai iya ɗaukar ko waɗannan yadda suke ba. Bishararsa ba ta da labarin haihuwa, ba ta da waƙar Maryamu ko ta Zakariya, waɗanda suke maganar rantsuwar da Allah ya yi wa Ibrahim, ta fara ne da saukowar Yesu Kafarnahum a shekara ta 15 ta mulkin Tibariyas. A Galatiyawarsa ma maganar Ibrahim ta sura ta 3 ba ta nan. Tartuliyan na Kartaj, a Arewacin Afirka, ya rubuta littattafai 5 domin ya amsa masa wajen shekara ta 207, dabararsa kuwa ita ce ya bi ragowar Lukan da Markiyon ya bari, aya bayan aya, yana nuna cewa ko a nan ɗin annabawa suna leƙowa ta kowace kafa. Ni a wurina wannan ita ce amsa mafi ƙarfi, cewa mutumin da ya fi kowa ƙoƙarin raba su sai da ya sa wuƙa a cikin Bishara kanta.

Dauda:
Na gode, Baba. Ina roƙo kada a ɗauke ni a matsayin mabiyin Markiyon, domin na gaskata Allah ɗaya ne ya yi magana ta bakin Musa da ta bakin Ɗansa. Na kuma karɓi gyaran Malam game da sujada. Amma riƙe littafi daban, riƙe alkawarin da ke cikinsa daban. Tambayata yanzu ita ce, da suka riƙe littattafan, alkawarin na wa suka ce shi ne? In Ibraniyawa ya ce na farkon ya tsufa, ai ma'anarsa an karɓe shi daga hannun Isra'ila an ba ikilisiya ke nan.

Malam Bitrus:
Yanzu ka taɓo inda gizo ke saƙa, domin a nan ne bakinsu bai zo ɗaya ba, kuma a nan ne wasunsu suka faɗi abin da ni ba zan iya karewa ba.

Wanda ya fi kowa tsanani shi ne marubucin Wasiƙar Barnaba, wadda aka rubuta tsakanin rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 da wajen shekara ta 135, masana kuma sun yarda ba Barnaba abokin tafiyar Bulus ne ya rubuta ta ba. Ya gargaɗi masu karatunsa kada su ce alkawarin nasu ne namu ne kuma. A cewarsa Isra'ila ta rasa shi tun ranar da aka ba da shi, lokacin da Musa ya sauko ya tarar da ɗan maraƙin zinariya ya farfasa allunan. Bai kula da cewa a Fitowa 34 Allah ya sa an sassaƙa wasu alluna ya sabunta alkawarin ba. Daga nan ya ce dokokin abinci tun asali ba a kan abinci suke ba. Hana cin alade a wurinsa yana nufin kada a yi tarayya da mutanen da ke manta Ubangijinsu idan sun ƙoshi, su tuna da shi idan yunwa ta kama su. Bayin Ibrahim 318 na Farawa 14:14 kuwa ya karanta lambarsu da haruffan Helenanci ya ce suna nuna sunan Yesu da siffar gicciye. Wasiƙar ta samu daraja sosai a wasu wurare, har tana cikin tsohon kundin Littafi Mai Tsarki na ƙarni na 4 da aka samu a Sina'i, amma a ƙarshe ba ta shiga cikin littattafai 27 na Sabon Alkawari ba.

Yustin ya fi shi sassauci a wani fanni. Haifaffen garin da ake kira Nablus ne a yau, ya rubuta tattaunawarsa da wani Bayahude mai suna Tirifo wajen shekara ta 160, ya kuma sa ta a lokacin yaƙin Bar Kokba, tawayen Yahudawa ga Roma na 132 zuwa 135, wanda bayansa Romawa suka hana Yahudawa shiga Urushalima. Ya yarda Allah ne ya ba da Shari'a a kiyaye ta a zahiri, har ya ce Bayahuden da ya gaskata da Almasihu yana kuma kiyaye Shari'a zai sami ceto, muddin bai tilasta wa al'ummai ba. Amma shi ne ya ce wa Tirifo Nassosin nan ba naku ba ne, namu ne, ya kira ikilisiya Isra'ila ta gaskiya, ya kuma ce an ba su kaciya ne domin ta zama alamar da za a gane su da ita a ware su ga wahalar da ta same su. Farawa 17 ba haka ta ce ba.

Ka gwada wannan da Bulus. A Romawa 9:4 ya ce 'yan'uwansa Isra'ilawa su ne masu alkawaran, bai ce su ne masu su a dā ba. A sura ta 11 ya tambaya ko Allah ya ƙi jama'arsa, ya amsa da a'a ƙwarai, ya ce mu al'ummai rassan zaitun na jeji ne da aka ɗaura a kan itacen gida, saiwar ce ke ɗauke da mu, ya kuma ce baiwar Allah da kiransa ba a janye su. Irmiya kansa ya ce da gidan Isra'ila da gidan Yahuza za a yi sabon alkawarin. Game da Ibraniyawa 8:13, ka karanta abin da ke kewaye da ita za ka ga maganar firistoci ce da hadayu da alfarwar sujada. Babu inda wasiƙar ta ce wata al'umma ta maye gurbin wata, sura ta 11 ma ta ƙare da cewa magabatan nan ba za su kammala ba sai tare da mu.

Malam Haruna:
Gaisuwa ga Rabaran da sauran jama'a. Ni Musulmi ne kamar yadda kuka sani, sha'awar tarihi ce ta sa nake bin wannan zance. Na karanta cewa Yustin ya zargi malaman Yahudawa da cire wasu ayoyi da suke nuni ga Almasihu. Shin zargin ya tabbata?

Malam Bitrus:
Sannu Malam Haruna, tambayarka a kan hanya take. Ya yi zargin, fitaccen misalinsa kuwa shi ne Zabura 96:10, inda kwafinsa yake cewa Ubangiji ya yi mulki daga kan itace, ya ce Yahudawa ne suka goge ƙarshen maganar domin tana nuna gicciye. Amma wannan ƙarin ba ya cikin nassin Ibrananci, ba ya kuma cikin manyan kwafe-kwafen Helenanci, shi ya sa masana suke ganin wani Kirista ne ya ƙara shi, Yustin kuma ya gaje shi da zuciya ɗaya. A wannan wurin Yahudawa ne suke da gaskiya. Irin wannan saɓani na cikin abin da ya sa Orijin, a Kaisariya a ƙarni na 3, ya yi gagarumin aikin jera nassin a layuka 6 gefe da gefe, Ibrananci, da Ibrananci cikin haruffan Helenanci, da fassarori 4 na Helenanci, domin Kirista ya daina kafa hujja da ayar da abokin muhawararsa ba shi da ita. Daga baya Jerom ya zauna a Baitalami a ƙarshen ƙarni na 4, ya koyi Ibrananci a wurin malaman Yahudawa, ya fassara zuwa Latin kai tsaye daga gare shi.

Mama Saratu:
Malam, na ji bayaninka, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Waɗannan mutane ba a kan kujerar mulki suka yi rubutu ba. Yustin an fille masa kai a Roma wajen shekara ta 165 saboda sunan Yesu. Su 'yan ƙalilan ne da doka ba ta san da su ba, alhali addinin Yahudawa tsoho ne da hukuma ta amince da shi, maguzawan Roma kuma suna yi musu gori cewa addininsu na jiya jiya ne. Dole su nuna cewa suna da asali. Anya ya dace mu da muke zaune a inuwar da suka dasa mu riƙa yanke musu hukunci?

Baba Rabaran Ishaya:
Maman yara, maganarki gaskiya ce, kuma duk wanda zai karanta su ba tare da ita ba zai zalunce su. Sai dai rubutu yakan fi mai shi tsawon rai. Bari in kawo Melito, bishop na Sardisu, domin a wurinsa ne kyau da haɗarin suka haɗu a shafi ɗaya. Wa'azinsa na Idin Ƙetarewa, na wajen shekara ta 170, ya ɓace ƙarnuka da yawa, sai a 1940 aka buga shi daga wata tsohuwar takardar Masar. Ya fara ne da sanar da cewa an gama karanta labarin Fitowa, wato jama'a suna zaune sun ji yadda aka yanka ɗan rago aka shafa jini a dogaran ƙofa. Sa'an nan ya bi tarihi yana nuna Almasihu a cikin Habila da aka kashe, da Ishaku da aka ɗaure, da Yusufu da aka sayar, da Musa da aka yar, da Dawuda da aka tsananta wa. Ban san wani wa'azi na zamanin da ya kai shi daɗin ji ba. Shi ne kuma ya yi tattaki zuwa ƙasar da abubuwan suka faru domin ya tabbatar da jerin littattafan da ya kira na tsohon alkawari, wannan kuwa na cikin wurare na farko da aka kira tarin littattafan da wannan suna.

Amma a wa'azin nan ya kwatanta Isra'ila da samfurin da magini yake yi da kakin zuma ko yumɓu ko katako kafin ya yi ainihin ginin, wanda da zarar ginin ya tsaya sai a rushe shi don ba shi da sauran amfani. Ya kuma ɗora wa Isra'ila gaba ɗaya alhakin mutuwar Yesu da kalmomi masu zafi, ya kusan wanke Bilatus. Lokacin da ya faɗa ba shi da soja ko kotu. Bayan ƙarni na 4, da ikilisiya ta sami daula a bayanta, irin wannan magana ta zama hujjar da aka yi ta zubar da jinin Yahudawa da ita a Turai, sau da yawa ma a makon Jumma'a Mai Kyau. Ina girmama shi, amma ba zan hau bagade in maimaita wannan sashe ba.

Wanda nake ganin ya fi kusa da Bulus shi ne Ireniyus na Liyon, a Faransa ta yau, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 180, ya kuma ji koyarwar Folikaf na Simirna yana yaro. Shi bai ɗauki alkawaran a matsayin abokan gaba ba. Ya lissafa manyan alkawarai 4 da Allah ya yi da 'yan Adam, na ƙarshensu Bishara, wadda ta tattara sauran a cikinta. Ya ɗauki Matiyu 13:52, maigidan da ke fito da sabo da tsoho daga taskarsa, ya ce maigida ɗaya ne ya ba da duka biyun, kowanne a lokacin da ya dace da mutanen da aka ba. A wurinsa Shari'a tarbiyya ce ta Allah mai haƙuri, wanda yake sabar da mutum da kansa sannu a hankali. Ya ce Dokoki Goma suna nan daram, Yesu bai soke su ba, faɗaɗa su ya yi, daga hana kisa zuwa hana fushi, daga hana zina zuwa hana sha'awa. Shi ma ɗan zamaninsa ne, yana ganin hidimar Urushalima ta ƙare, amma bai ce alkawarin Sina'i kuskure ne ko hukunci ba.

Dauda:
Baba, na ji daɗin wannan, na kuma yarda na karanta Galatiyawa ba tare da Romawa 11 a gefenta ba. Sai dai maganar Ireniyus ta buɗe wata ƙofa. In Dokoki Goma suna nan daram, Asabar tana cikinsu, ita ce ta huɗu, kuma Fitowa 31 ta kira ta alamar alkawari ta har abada. Ta yaya suka riƙe tara suka saki ɗaya?

Malam Bitrus:
Ba su amsa da murya ɗaya ba, kuma ba zan ce maka amsoshinsu duka sun gamsar ba. Ignatiyus na Antakiya, a farkon ƙarni na 2, ya rubuta wa ikilisiyar Magnisiya cewa waɗanda suka zo ga sabon bege sun daina kiyaye Asabar, suna rayuwa bisa ga ranar Ubangiji. Wasiƙar Barnaba ta ce hutun gaskiya yana gaba, shi ya sa suke murna a rana ta takwas, ranar tashin Yesu. Yustin ya kafa hujja da cewa Habila da Anuhu da Nuhu sun faranta wa Allah rai ba tare da Asabar ko kaciya ba. Ireniyus kuwa ya sa Asabar tare da kaciya a cikin alamu, bisa ga Fitowa 31 ɗin da ka ambata da Ezekiyel 20:12, ya ce abin da take nunawa shi ne mutum ya ba da dukan kwanakinsa ga bautar Allah. Abin da ba su yi ba a ƙarni na 2 shi ne su ce Lahadi ce sabuwar Asabar da aka hana aiki a cikinta. Ranar taro ce, Filini gwamnan Bitiniya ma ya rubuta wa sarki Tarajan wajen shekara ta 112 cewa Kirista suna haɗuwa a wata rana ƙayyadadda tun kafin gari ya waye, daga baya su watse. Hutun Lahadi a matsayin doka sai a shekara ta 321 ya zo, da umarnin sarki Kustantin, wanda ya rufe kotuna da sana'o'in birni amma ya bar manoma su je gona. A Habasha kuwa ikilisiya ta daɗe tana girmama ranakun biyu, Asabar da Lahadi, har yau kuma al'adar ba ta gushe a can ba.